Shekara guda da Nominatim da Leaflet a hannuna

A baki aikin ba shi da wuya. Wani kamfani ne da ke kai wa mutane kaya har gida, suna da adiresoshin kwastomomi wajen 3,600 a cikin fayil ɗin Excel, maigidan kuma yana son ya buɗe shafinsu na intanet ya ga kowa a kan taswira, direba ya danna suna ya ga inda za shi. Abu biyu ke nan ake bukata: abin da zai zana taswirar, da abin da zai karɓi rubutaccen adireshi ya mayar da shi lambobi biyu, latitud da lonjitud, wanda mu masu sana'ar muke kira jiyokodin. Na ɗauki Leaflet don zanen, na ɗauki Nominatim don juya adireshin, su biyun kuma na ɗora su a kan bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da masu sa kai ke ginawa. Yau shekara guda ke nan shafin yana aiki, don haka ina ganin na isa in faɗi abin da na gani.

Kowa ya ji sai ya ce me ya hana ni amfani da taswirar Google. Ba kuɗi ba ne. Gaskiya ne tun 2018 ba ka samun makullin API nasu, wato lambar izinin da manhajarka ke shiga tsarinsu da ita, sai ka haɗa asusun biya, amma kason da suke bayarwa kyauta kowane wata zai ɗauke ɗan aikinmu har da saura. Sharuɗɗan ne ba su dace da abin da nake ginawa ba. Yadda na karanta su a lokacin, sakamakon jiyokodin nasu ba a ɗora shi a kan taswirar da ba tasu ba, lambobin latitud da lonjitud kuma kwana 30 kawai aka yarda ka riƙe, lambar shaidar wurin ce kaɗai za ka ajiye har abada. Wannan tsarin kasuwancinsu ne, ba ni da ja a kai. Ni dai ina son lambobin su zauna a rumbun bayanan kamfanin kusa da sunan kwastoma, a yi lissafin nisa da su, a rarraba wa direbobi, ba tare da kowa yana duba kalanda ba.

Leaflet ba zai ɗauke ni dogon bayani ba, domin abin da ba ya ba ka wahala ba ka da labari a kansa. Volodymyr Agafonkin ne ya rubuta shi, mutumin Yukren, ya fito a 2011, nauyinsa kuma bai wuce kilobait 42 ba idan an matse. Layi biyar ko shida na kod, taswira ta bayyana. Tarkonsa ƙanana ne, kowa kuma sai ya faɗa sau ɗaya. Idan ba ka ba akwatin taswirar tsawo a CSS ba, wato kod ɗin da ke tsara fuskar shafi, ba abin da za ka gani, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba, shiru kawai. Idan ka ƙirƙiri taswirar a cikin sashen da ke ɓoye, in aka buɗe sai ka ga rabi taswira rabi toka, maganinsa ka kira invalidateSize bayan an buɗe. Alamomi 3,600 a lokaci guda sun sa tsohuwar wayar wani direba ta riƙa numfashi da ƙyar, na saka Leaflet.markercluster ya riƙa tara na kusa da juna cikin da'ira guda mai lamba, magana ta ƙare.

Tarko ɗaya ne ya cancanci a tsaya masa. Leaflet yana son latitud farko, lonjitud ta biyo. Tsarin GeoJSON kuwa, wanda ake ajiye bayanan taswira da shi, bisa ƙa'idarsa ta 2016, lonjitud ce farko. Ranar da ka haɗa su ba ka lura ba, ba wani jan rubutu da zai fito, alama dai za ta sauka wani wuri. Ina gwada abina da birnin Paris, wanda yake wajen 48.86 arewa da 2.35 gabas, na juya su ban sani ba, sai ga alamar tana shawagi a Tekun Indiya, can gefen Somaliya. Na fi minti ashirin ina zargin komai ban da kaina.

Shi Leaflet ɗin ba shi da taswira, mai jerawa ne kawai. Hoton da kake gani ƙananan tayil ne masu faɗin fiksel 256, ana ɗauko su ɗaya-ɗaya daga wata saba, wato kwamfutar da ke ajiye su a intanet. A mataki na 0 duniya duka tayil guda ce, kowane mataki na kusantowa kuma yana ninka yawansu sau huɗu, kafin ka kai mataki na 19 sun doshi biliyan 275. Sabar OpenStreetMap tana ba da su kyauta, amma da kuɗin gudummawa ake tafiyar da ita, ƙa'idarsu kuma ta hana kwasar tayil da yawa don ajiyewa. Na yi gwaji da ita har na gama gini, ranar da za a buɗe wa direbobi na koma wani kamfani da ke sayar da tayil daga bayanan OpenStreetMap ɗin dai. Layi ɗaya na canza. Wannan kaɗai ya sa nake ganin girman Leaflet: bai ɗaure ni da kowa ba.

To, Nominatim. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa “bisa suna”, kuma shi ne ke bayan akwatin binciken da ke shafin OpenStreetMap kansa. Ba rajista, ba makulli, ba kati. Ka aika adireshi ta /search, amsa ta dawo cikin JSON, tsarin rubutu da manhaja ke iya karantawa. Wannan sauƙin ne ya ruɗe ni. Daren farko na rubuta ɗan kod da ke ɗaukar dukan layukan fayil ɗin ya watsa su gaba ɗaya, na jingina da kujera ina jiran abin mamaki. Ƴan amsoshi suka dawo, sai lamba 429, mai nufin tambayoyi sun yi yawa, ta fara zuba, daga baya ƙofar ta rufe gaba ɗaya. A nan ne na je na karanta ƙa'idar amfani, wadda ba ta kai shafi biyu ba, wadda kuma ya kamata in karanta tun da rana. Tambaya ɗaya a daƙiƙa, iyakarta ke nan. Dole manhajarka ta faɗi sunanta a User-Agent ko Referer, wato bayanin da ke rakiyar kowace tambaya, ba sunan da laburarenka ya zo da shi ba. Dole ka ajiye amsar da ka samu, kada ka maimaita tambaya guda. Aiki mai yawa ba sa son sa, ƙarami na sau ɗaya kuma sai daga na'ura guda, a jere, ɗaya bayan ɗaya. Na karya kusan duka a cikin daƙiƙa goma. Rijiyar jama'a ce, ni kuma na zo da tanka. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan.

Bayan an sake buɗe mini hanya na gyara hali. Na sa sunan manhajar da imel ɗin aiki, na sa daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin tambaya da tambaya, kowace amsa kuma tana shiga rumbu kafin a aika ta gaba. Sa'a ɗaya da rabi komai ya gama. Abin da na so in yi cikin minti guda ashe bai fi tsawon wasan ƙwallo ba, kuma sau ɗaya za a yi shi.

Da safe na buɗe taswirar, sai na ga wata da'ira mai lamba ɗari da wani abu zaune a tsakiyar ruwa, a Mashigin Gini, inda layin ikwaita ya haɗu da layin Greenwich. Masu taswira sun san wurin har sun raɗa masa suna, Null Island, tsibirin da babu shi. Abin da ya faru shi ne duk adireshin da Nominatim bai gane ba yana dawo da jerin da ba komai a ciki, kod ɗina kuma ya mayar da babu ta zama sifili, ya ajiye 0 da 0. Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren da ya kamata mutum ya sani: lat da lon, wato latitud da lonjitud, suna zuwa ne a matsayin rubutu, cikin alamar zance, ba lamba ba. A JavaScript idan ka ƙara wa rubutu lamba, liƙa su zai yi. Sai ka juya su da kanka, ka kuma tabbata babu ta zauna a matsayin babu. Haka kuma kada ka dogara da place_id, lambar shaidar wuri da Nominatim ke sakawa a amsa, domin lambar cikin gida ce da ke canzawa daga saba zuwa saba. Gara ka riƙe osm_type da osm_id tare, wato nau'in wurin da lambarsa a OpenStreetMap.

Waɗannan duk laifina ne, kuma gyaransu bai wuce yini ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne adiresoshin da suka sami amsa. Da farko na ɗauka duk wanda ya dawo da lambobi an same shi. Ba haka ba ne. Nominatim ba ya sanin lambar gida sai idan wani ya taɓa saka ta a taswira. Idan bai same ta ba, yakan ba ka titin, alama ta sauka a wani wuri a kan hanyar, ta tsaya cak kamar mai gaskiya. Titin da ya kai kilomita huɗu, wannan ba ƙaramar tazara ba ce ga wanda ke ɗauke da kwali. Wani lokaci ma unguwar kawai zai ba ka. A kan taswira duka ukun kamarsu ɗaya. Inda suka bambanta shi ne a cikin amsar: idan ka nemi tsarin jsonv2 za ka ga place_rank, inda 30 ke nufin gini ko wani takamaiman wuri, 26 da 27 titi, abin da ya yi ƙasa da haka kuma unguwa ne ko gari. Da na rarraba jerinmu da wannan lambar, waɗanda suka kai ƙofar gida ba su kai rabi ba. Na ba su launi uku, kore da ruwan ɗorawa da ja, don direba ya san wadda zai yarda da ita da wadda zai fara buga waya. Ya kamata a yaba wa Nominatim a nan, domin bai ɓoye ba, ya faɗi iyakar saninsa. Sai dai ya faɗa ne a wurin da mai gaggawa ba ya dubawa.

Rauninsa na gaske shi ne taurin kai wajen rubutu. Ba ya yafe kuskuren harafi. Ka rage baƙi ɗaya daga sunan titi, sau da yawa ba abin da zai dawo. Mutane kuma ba sa rubuta adireshi don kwamfuta, suna rubutawa ne don mutum: hawa na biyu, kusa da tsohon gidan mai, ƙofa mai shuɗin fenti, a kira kafin a iso. Direba ya ga wannan ya ji daɗi, Nominatim ya gani ya ɗaga hannu. Yawancin mazauna Null Island ɗin nan nawa irin waɗannan ne. Na kwashe kwana biyu ina rubuta abin da zai tsefe adireshi kafin a aika, ya cire lambar ɗaki da lambar waya da kwatance, ya bar titi da gari, sannan in aika su a rarrabe ta street da city maimakon dunƙule su cikin q, gurbin da ke karɓar adireshi dukansa. Ya rage matsalar sosai. Bai kawar da ita ba.

Sai sunaye masu takwara. Akwai Tripoli a Libiya, akwai a Lebanon. Akwai Birmingham a Ingila, akwai a Amurka. Idan ka bar shi ya zaɓa, yana duba wani maki da yake kira importance, wanda galibi daga shaharar wurin a Wikipedia ake lissafa shi, don haka babban gari ne ke cin ƙarami. Titi kuwa, suna ɗaya yana iya maimaituwa a garuruwa goma na ƙasa guda. Maganin yana hannunka: countrycodes ya tsare shi cikin ƙasa, viewbox tare da bounded=1 ya tsare shi cikin akwatin da ka zana. Tun da na sa su ban sake ganin kwastoma ya tsallaka teku ba.

Wata na biyu maigidan ya kira ni. Yana son akwatin adireshi ya riƙa kawo shawarwari tun mutum yana bugawa, kamar yadda ya saba gani a wayarsa. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan kam sun hana da baki.” Ya ce, “Ba ka ce kyauta ba ne?” Na ce kyauta ne, amma kowane harafi da kwastoma ya buga tambaya ce guda, adireshi ɗaya sai ya zama tambaya talatin, ƙa'idar kuma ta ambaci wannan da sunansa cikin abubuwan da ake toshe mutum a kai. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To kayan aro ke nan.” Ban musa ba. Ko da ba a hana ba, Nominatim ba don rabin kalma aka gina shi ba. Mai wannan aikin shi ne Photon, wanda kamfanin komoot ya fitar, yana cin bayanan Nominatim ɗin, yana kammala kalma, yana kuma haƙuri da kuskuren rubutu. Wanda babban bukatarsa ke nan, can ya kamata ya fara.

Akasin aikin, wato ka ba shi lambobi ya ba ka adireshi ta /reverse, yana yin sa da kyau, da sharaɗi guda da takardunsa ma suka faɗa: abu mafi kusa da ɗigon yake dawowa da shi. Idan gininka ba ya cikin taswira, sai ya ba ka na maƙwabci, ko titin da ke bayan gidan. Don nuna wa mutum kusan inda yake ya wadatar. Ba zan buga shi a kan rasit ba.

Abin da ya warware mana matsalar kai kaya ba jiyokodin ba ne. Kalma ɗaya ce a Leaflet, draggable, wadda ke sa a iya jan alama. Yanzu idan sabon kwastoma ya rubuta adireshinsa, Nominatim ya kai alamar kusa, sai shafin ya ce masa ya ja ta da yatsa zuwa ƙofarsa. Ga tsofaffin kuma na sa wa direbobi maɓalli: idan sun tsaya a bakin ƙofa su danna, burauza ta karanto wurin daga wayar. Wannan ba ya aiki sai shafin yana kan HTTPS, kuma yana zuwa da lambar da ke faɗin yawan mitocin da zai iya kuskurewa, don haka duk abin da ya wuce mita 50 ba na karɓa. Lamba biyar bayan ɗigo nake ajiyewa, domin digiri ɗaya na latitud wajen kilomita 111 ne, lamba ta biyar kuma ta kai ka kusan mita guda. Masu ajiye lamba goma sha huɗu, ban san ko ƙofar tururuwa suke nema ba. Tun da na daina tsammanin Nominatim zai kai mu ƙofa, na bar masa kai mu unguwa, muka daina faɗa.

Akwai abin da ya sa na ƙaunaci wannan tsarin, wanda ban samu a wajen masu sayarwa ba. Wata sabuwar unguwa da muke da kwastomomi da dama a cikinta, titunanta suna kan taswira amma ba suna. Na roƙi direban yankin ya ɗauko mini hoton allunan titi, na buɗe asusu a OpenStreetMap, na shiga editan iD da ke cikin burauza, na rubuta sunayen. Kafin in tashi daga aiki ranar na nema a Nominatim, suka fito. Ba takardar koke, ba jiran amsa. Haka aka gina taswirar tun da Steve Coast ya fara ta a Ingila a 2004, mutum ya ga gurbi ya cike. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne kada ka kwafo daga wata taswira mai haƙƙin mallaka, abin da idonka ya gani ko hotunan sama da aka yarda da su kawai. Wannan ɗin dai shi ne tushen raunin: inda masu sa kai suka yi yawa taswirar tana da kyau har bishiya, inda ba su je ba sai fili. Kafin ka yi wa kowa alkawari, ɗauki adireshi hamsin na gaske daga yankin da za ka yi aiki ka gwada da hannu. Ingancinsa a wani birni ba ya gaya maka komai game da naka.

Wata na biyar na kafa namu Nominatim. Dalili biyu ne: tambayoyi sun fara yawa, kuma hankalina bai kwanta da aika adireshin gidajen mutane zuwa sabar da ba tamu ba. Na sauko da fayil ɗin ƙasa ɗaya daga Geofabrik, kamfanin da ke rarraba bayanan OpenStreetMap ƙasa-ƙasa, na loda shi cikin rumbun bayanai na PostgreSQL mai PostGIS, ya gama cikin sa'o'i a kan saba matsakaiciya. Duniya duka wani lissafi ne daban, takardunsu suna maganar faifai na terabait guda zuwa sama da RAM gigabait 128, da kwanaki ana lodi. Da ka kafa naka, iyakar tambaya ɗaya a daƙiƙa ta tafi, nauyin kuma ya dawo wuyanka. Sabuntawa ta taɓa tsaya mini mako uku saboda faifai ya cika, ban sani ba sai da na nemi wani titi da na saka da hannuna na rasa.

Saura lasisi. Tun 2012 bayanan suna ƙarƙashin ODbL, lasisin buɗaɗɗen rumbun bayanai, kuma dole a ga sunan masu gudummawar OpenStreetMap a jikin taswirar. Jagorar da gidauniyarsu ta fitar kan jiyokodin ta yarda ka ajiye sakamakon adiresoshinka tare da bayananka ba tare da ka buɗe rumbunka ga duniya ba, muddin ba kwasar babban yanki na taswirar kake yi ta bayan gida ba. Abin da na fito nema tun farko ke nan. Mai zana fuskar shafin ta so ta cire ɗan rubutun da ke kusurwa, wai yana ɓata mata tsari. Na ce mata, “Malama, duk abin nan shi kaɗai suka ce mu biya.” Ta rage masa girma kaɗan, ta bar shi.

Wanda ke da ƴan dubban adiresoshi, yana son ya mallaki lambobinsa, yana kuma da haƙurin tsefe rubutu, zan ce ya ɗauka. Wanda ke son kwastoma ya buga rabin sunan kanti da kuskure biyu a ciki a gane nufinsa nan take, ya nemi mai sayarwa ya biya, ya kuma karanta sharaɗin ajiya kafin ya rubuta layi ɗaya. A rumbunmu yanzu akwai gurbi da na kira tushe, yana nuna inda kowace alama ta samo wurinta: Nominatim, yatsan kwastoma, ko wayar direba. Jiya na duba, jajaye goma sha ɗaya suka rage, bakwai daga ciki kuma mutane ne da ba su sake yin oda ba tun bara.